Kiɗan da ake rubutawa a takarda: da me marubuta da makaɗan kilasika na zamani ke cin abinci?

A watan Nuwamba na 1976 an cika gidan opera (wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa da kiɗa) na Metropolitan da ke Niyok maƙil har sau biyu, domin kallon Einstein on the Beach, wasa ne na kusan awa biyar ba hutu, wanda Philip Glass ya rubuta kiɗansa, Robert Wilson kuma ya tsara dandalinsa. Tikiti ya ƙare a duka ranakun biyu. Da aka watse aka zauna lissafi, sai ga bashi ya hau kan mutanen biyu, Glass kuwa ya koma kan tasi ɗin da yake tuƙawa. Shekararsa 39 a lokacin. Ya yi aikin famfo, ya yi dakon kayan masu tashi daga gida, kuma sai da ya kai 41 kafin kiɗa ya fara riƙe shi ba tare da wata sana'a a gefe ba.

Yaya za a yi zaure ya cika, mai aikin ya fita da bashi? Amsar wannan tambaya ita ce kusan dukkan labarin sana'ar.

Bari mu fara da abin da ya bambanta ta da kiɗan da muka saba. A wajenmu mawaƙi shi ke tsara waƙarsa, shi ke rera ta, makaɗansa da 'yan amshinsa suna bayansa, ya je gidan biki ko fada ya dawo da abin da Allah ya ba shi. A kiɗan kilasika na Turai an raba aikin gida biyu tun ɗaruruwan shekaru. Akwai marubucin kiɗa, wanda ke zama shi kaɗai da takarda ko kwamfuta yana rubuta wa kowane kayan kiɗa abin da zai yi, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Akwai kuma makaɗa, waɗanda ke karanta wannan rubutu su mai da shi sauti. Idan an ce na zamani, ana nufin wanda aka rubuta daga bayan yaƙin duniya na biyu zuwa yau, musamman na marubutan da ke raye. To, mai zane idan ya gama zanensa ya rataye a bango kowa ya gani. Marubucin kiɗa idan ya gama, abin da ke hannunsa takarda ce shiru. Idan na babbar ƙungiyar makaɗa ya rubuta, wadda ake kira okestira, sai an tara ƙwararru tamanin zuwa ɗari, an biya kowannensu kuɗin bita da na ranar wasa, an biya jagoran da zai tsaya gabansu da sanda, an biya zaure, sannan shi kansa marubucin zai fara jin abin da ya rubuta. Kuɗin tikiti ba ya ɗaukar wannan nauyi, ko da kujera ɗaya ba ta rage ba. Shi ya sa sana'ar ba ta taɓa rabuwa da ubangida ba.

A da ubangidan sarki ne ko coci. Joseph Haydn ya shiga hidimar gidan sarautar Esterházy a 1761, ya yi kusan shekara 30 a can, yana sa tufafin barorin gidan, kuma yarjejeniyarsa ta farko ta hana shi bai wa kowa kiɗan da ya rubuta sai da izinin maigidan. Wanda ya san yadda makaɗan fada suka zauna da sarakunanmu ba zai ga baƙon abu a nan ba: ci da sha da sutura suna kan ubangida, basira kuma tana hidimarsa. Yau sarakunan sun tafi, gwamnatoci da gidajen rediyo da gidauniyoyin attajirai da jami'o'i suka maye gurbinsu.

Hanyar farko da kuɗi ke shigo wa marubuci ita ce oda. Wata okestira ko wani bikin kiɗa ko gidauniya za ta ce, rubuta mana aiki na minti goma sha biyar, ga makaɗan da za su yi, ga ranar da muke so. Galibi da tsawon aikin da yawan makaɗan ake yanka farashi, sai kuma girman sunan marubucin. Oda tana iya ceton rai. A 1943 Béla Bartók yana kwance a asibiti a Niyok, gudun hijira ya kawo shi daga Hungary, ga ciwo ga babu, sai Serge Koussevitzky, jagoran okestirar Boston, ya je masa da odar dala 1,000. Daga nan Concerto for Orchestra ya fito, aka fara kaɗa shi a Disamba 1944, Bartók ya rasu a Satumba 1945. Amma abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, minti goma sha biyar na okestira yana iya cin wata shida ko shekara guda na rubutu. Idan aka raba kuɗin odar matashin marubuci a kan watannin da ya yi yana aikin, da wuya ya biya hayar ɗaki a Landan ko Niyok. Bayan haka akwai wahalar fitar wa kowane makaɗi takardarsa daban, mai biyolin, wato gogen Turawa, tasa, mai ƙaho tasa, ba kuskure ko ɗaya, domin kuskure guda a lokacin bita yana tsayar da mutum tamanin da ake biya da awa.

Hanya ta biyu ita ce haƙƙin mallaka. Duk lokacin da aka kaɗa aikin a zaure ko a rediyo, akwai ƙungiyoyin da ke karɓar kaso su miƙa wa marubucin: SACEM a Faransa tun 1851, PRS a Ingila da ASCAP a Amurka tun 1914, GEMA a Jamus. Sannan manyan kamfanonin ɗab'i irin su Boosey & Hawkes da Schott da Universal Edition ba sa sayar da takardun okestira na sababbin ayyuka, haya suke ba da su, su raba kuɗin da marubucin. Wannan ita ce rijiyar da ya kamata ta riƙa ba da ruwa har tsufa, har ma magada su sha, tunda a ƙasashe da yawa haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Sai dai rijiyar ba ta kawo ruwa sai ana maimaita aikin. A nan matsalar take.

Kowace okestira tana son a ce ita ta fara kaɗa aiki a duniya. Ranar farko tana jawo 'yan jarida, tana faranta wa masu ba da tallafi rai, ana rubuta ta a rahoton shekara. Karo na biyu ba shi da wannan armashi, ga kuɗin haya, ga kuɗin haƙƙi, ga bita mai cin lokaci. Kuma marubucin da ke raye yana gogayya ne da matattu. Beethoven, shahararren marubucin kiɗa na Jamus, ya rasu tun 1827, ba ya karɓar kwabo, makaɗa sun haddace shi tun suna yara, masu sayen tikiti sun san shi suna sonsa. Manajan da ke kallon aljihun ƙungiyarsa ba ya dogon tunani kafin ya zaɓa. Saboda haka ɗimbin ayyukan da ake rubutawa kowace shekara sau ɗaya ake jin su, sau da yawa a farkon shiri kafin a shiga abin da jama'a suka zo ji, daga nan sai durowa. A ganina wannan ita ce asarar da ta fi kowace ciwo a harkar, ta fi ƙarancin kuɗin oda. Kiɗan da kunne bai saba da shi ba yana bukatar a ji shi sau biyu sau uku kafin ya zauna, su ma makaɗan sai a karo na uku ko na huɗu hannunsu ke sakewa. Aikin da aka yanke masa hukunci a daren farko, an yanke ne a lokacin da aka fi kaɗa shi da ɗari-ɗari.

Henryk Górecki na Poland shaida ne. Ya rubuta Simfoni ta 3, wani dogon aikin okestira, a 1976, aka fara kaɗa ta a 1977 a wani bikin kiɗan zamani a Faransa, masu sharhi da dama suka yi mata kallon raini. Shekara goma sha biyar bayan haka, a 1992, kamfanin Nonesuch ya fitar da faifanta da muryar Dawn Upshaw da ƙungiyar London Sinfonietta, aka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. Ko ɗigo ba a canza a takardar ba.

Tunda oda da haƙƙi ba sa isar yawancin marubuta, sai a haɗa da wani abu. Mafi yawansu koyarwa suke yi a jami'a ko makarantar kiɗa, su yi rubutu da hutu. Wasu suna shiga fim, inda kuɗin yake: Tan Dun ya ci Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, a 2001, Hildur Guðnadóttir ta ci a 2020. Arvo Pärt na Estoniya ya yi kusan shekara goma yana injiniyan sauti a gidan rediyon ƙasarsu, ya kuma rubuta kiɗan finafinai da dama. Charles Ives tun farko ya zaɓi harkar inshora, ya yi arziki a can, yana rubuta kiɗa da dare da ƙarshen mako. Kyaututtuka kuwa suna ɗaga suna fiye da yadda suke cika aljihu. Pulitzer ta kiɗa, wadda Caroline Shaw ta ci a 2013 tana da shekara 30, yanzu dala 15,000 ce. Grawemeyer tana ba da dala 100,000, kyautar Ernst von Siemens yuro 250,000, amma mutum ɗaya ne a shekara, kuma ita ta Siemens galibi sai wanda ya riga ya ga jiya ya ga yau.

Mu juya ga makaɗan, domin tasu hanyar ma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Mai biyolin ko piyano yakan fara tun yana ɗan shekara biyar ko shida, ya yi shekara goma sha biyar zuwa ashirin yana bita awanni kullum, ya ratsa makarantu irin su Juilliard ko Curtis ko babbar makarantar kiɗa ta Paris. Idan ya fito, ƙofofi uku ne a gabansa. Zama tauraron da ke yawo ƙasa-ƙasa shi kaɗai, wannan na 'yan ƙalilan ne ƙwarai. Kujera a okestira mai albashi, wannan shi ne burin mafi yawa, amma kujerar ba ta buɗewa sai wani ya yi ritaya ko ya rasu, kuma idan ta buɗe mutum ɗari ko fiye na iya nema. Ana gwajin ne a bayan labule, alƙalai ba sa ganin mai kaɗawa, minti kaɗan ake ba shi, kuskure ɗaya ya isa a ce an gode. Labulen nan yana da tarihi: ya bazu a Amurka a shekarun 1970 da 1980 don rage son kai, kuma a daidai wannan zamani ne yawan mata a okestirori ya tashi sosai. Okestirar Berlin sai a 1982 ta ɗauki mace ta farko, ta Vienna kuwa sai a 1997 ta yarda mace ta zama cikakkiyar mamba. Wanda ya tsallake gwaji ma sai ya yi shekara ɗaya ko biyu ana duba shi kafin a tabbatar masa da kujerar.

Ƙofa ta uku, wadda mafi yawa ke shiga, ita ce aikin buga-buga: yau cike gurbin wanda ba shi da lafiya, gobe naɗar kiɗan fim, jibi koyar da yara, ranar Asabar bikin aure. Kayan aikin ma nasa ne, kuma biyolin ko selo (babban goge) mai kyau yana iya kai kuɗin gida, abin da ya sa manyan makaɗa da yawa aro suke yi daga bankuna da gidauniyoyi. Ƙasar da mutum yake tana da tasiri babba. Jamus tana da okestirori sama da 120 da ke samun kuɗin gwamnati. Amurka ta fi dogara da kyautar masu hannu da shuni, kuma an ga raunin hakan a 2020, lokacin da annobar korona ta rufe zauruka, makaɗan Metropolitan suka yi kusan shekara guda ba albashi. Ita ma gwamnati tana iya juya baya: a Maris 2023 BBC ta sanar za ta rufe ƙungiyar mawaƙanta ta BBC Singers, wadda ta kusa cika shekara ɗari kuma ta fara rera ayyukan marubuta masu yawa, sai da aka yi ca a kanta sannan ta janye.

Makaɗin da ya zaɓi sabon kiɗa ya ƙara wa kansa kaya. Ba faifan da zai saurara ya kwaikwaya. Rubutun kan zo da alamomin da marubucin ya ƙirƙiro, ya ce a ja bakan goge a inda ba a saba ba, ko a busa sarewa ta fitar da sauti biyu lokaci guda. Yana iya yin wata biyu yana koyon abin da sau ɗaya zai kaɗa. Abin da yake samu a madadin haka shi ne abin da mai kaɗa Mozart ba zai taɓa samu ba: marubucin yana zaune a ɗakin, ana iya tambayarsa me yake nufi, ana iya ce masa nan wurin hannu ba ya kaiwa, ya gyara. Makaɗa da yawa sun ce wannan ne ya riƙe su a harkar.

A nan ne hanyar marubuci da ta makaɗi ke haɗuwa, kuma a nan nake ganin asirin waɗanda suka ɗore yake. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duba tarihin kusan duk marubucin da ya yi suna a shekaru hamsin ɗin nan, za ka tarar da wasu makaɗa da suka ɗauki aikinsa tamkar nasu, suka yi ta yawo da shi.

Wasu da kansu suka kafa ƙungiyar. Glass ya kafa tasa a 1968, ya riƙe haƙƙin ɗab'in ayyukansa a kamfaninsa, kuma ya daɗe ba ya sakin takardun kiɗan ƙungiyar ga kowa, ta yadda duk mai son jin kiɗan sai ya gayyace su. Abokin tafiyarsa Steve Reich, wanda ya je Jami'ar Ghana a 1970 ya koyi kiɗan gangunan Ewe kafin ya rubuta Drumming, shi ma da ƙungiyarsa ya yi ta zagaya duniya. Pierre Boulez ya bi ta hannun hukuma: a 1976 ya kafa Ensemble intercontemporain a Paris, makaɗa 31 masu albashin dindindin waɗanda sabon kiɗa ne kawai aikinsu, da kuɗin gwamnatin Faransa. A Niyok kuma Julia Wolfe da David Lang da Michael Gordon suka fara Bang on a Can a 1987, daga baya suka buɗe asusun da masu sauraro ke haɗa kuɗi kaɗan-kaɗan a ba matasa oda.

Labarin Kaija Saariaho ya fi burge ni, domin ya nuna yadda abin ke ginuwa a hankali. A ƙarshen shekarun 1970, tana ɗaliba a makarantar Sibelius da ke Helsinki, ita da abokanta, cikinsu har da Magnus Lindberg da Esa-Pekka Salonen, suka kafa wata ƙungiya mai suna Korvat auki, ma'ana a buɗe kunne, suna shirya wasanni don a ji abin da suke rubutawa. A 1982 ta koma Paris, cibiyar IRCAM, inda ake haɗa kiɗa da kwamfuta. Salonen ya zama jagoran okestirar Los Angeles daga 1992 zuwa 2009, bai kuma daina kaɗa ayyukan abokan karatunsa ba. Mai selo Anssi Karttunen ya yi shekaru yana karɓar abin da ta rubuta masa. Operarta L'Amour de loin ta fito a Salzburg a 2000, da ta isa Metropolitan a 2016 ta zama opera ta farko da mace ta rubuta da aka yi a gidan tun 1903. Shekara 113 ke nan. Saariaho ta rasu a 2023, ayyukanta kuma suna hannun makaɗan da suka saba da su.

Wani lokaci daga ɓangaren makaɗa igiyar ke fitowa. David Harrington ya kafa Kronos Quartet a 1973, masu goge huɗu, bayan ya ji Black Angels na George Crumb a rediyo. Odarsu ta farko tsohon malaminsa Ken Benshoof suka bai wa, ladan kuwa ƙunshin donot ne, irin fanken nan nasu. Zuwa yau an rubuta musu ayyuka fiye da 1,000. Faifansu na 1992, Pieces of Africa, ya ɗauki ayyukan Hamza El Din ɗan Nubiya da Foday Musa Suso na Gambiya da Obo Addy na Ghana. A 2015 suka fara wani shiri da ya nufi matsalar maimaici kai tsaye: suka ba da odar ayyuka 50, rabi daga mata rabi daga maza, suka sa takardun da sautin a intanet kyauta, domin ɗalibai a ko'ina su sauke su kaɗa. Haka kuma yanzu okestirori uku ko huɗu a ƙasashe daban-daban kan haɗa kuɗi su ba da oda guda, nauyin ya ragu, aikin kuma ya samu tabbacin za a ji shi a garuruwa da yawa.

Wannan ya shafi marubutanmu na Afirka ta Yamma da suka shiga fagen. Fela Sowande, mai African Suite, ya yi shekaru yana kaɗa ogan, wani kayan kiɗa mai kama da piyano, a coci a Landan, ya ƙare yana koyarwa a jami'o'in Amurka. Akin Euba, wanda ya yi ta nazarin yadda piyano zai yi magana irin ta ganga, ya koyar a Legas da Jamus da Pittsburgh kafin rasuwarsa a 2020. Basira ba ta yi musu ƙaranci ba. Abin da gida bai tanadar musu ba shi ne ƙungiyar makaɗa mai albashi da za ta riƙa maimaita abin da suka rubuta, shi ya sa jami'a ta zama mafakarsu.

Wanda kuwa ya rasa duka biyun, makaɗa da mai adana takarda, abin da ke iya samunsa ya sami Julius Eastman. Baƙar fatar Amurka ne, an haife shi a 1940, ya yi karatu a Curtis, ga piyano ga murya ga rubutu, har faifan da ya rera a ciki ya shiga takarar Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka. A shekarun 1970 sunansa yana cikin na gaba-gaba a sabon kiɗan Niyok. Aikin koyarwa na dindindin bai samu ba, ba kamfanin ɗab'in da ya riƙe shi, shaye-shaye ya shigo. A farkon shekarun 1980 aka fitar da shi daga gidan haya, aka watsar da kayansa har da takardun kiɗansa, ya koma kwana a wani lambun shaƙatawa na birnin. Ya rasu a wani asibiti a Buffalo a watan Mayu 1990, yana da shekara 49, kuma sai bayan wata takwas labarin rasuwar ya fito a jarida. Wata marubuciyar kiɗa, Mary Jane Leach, ita ta ɗauki shekaru tana bin tsofaffin abokansa ɗaya bayan ɗaya tana tambayar wa ke da kaset, wa ke da ko shafi guda. Daga abin da ta tattara aka fitar da faifai uku a 2005. A 2018 kamfanin G. Schirmer ya karɓi ɗab'in ayyukansa, yau ana kaɗa su a manyan zauruka a Amurka da Turai, wasu daga rubutun da aka sake ginawa ta hanyar sauraren tsofaffin kaset. Waɗanda ba a naɗa ba kuma takardarsu ta bi shara, ba wanda zai sake jin su.